Kawu Mai Fenti da Mutumin Roba

Tun yana saurayi ake ce masa Mai Fenti. Da furfura ta fara leƙowa sai aka ƙara masa Kawu a gaba, har waɗanda suka girme shi ma haka suke kiransa. A zamanin da yake tashe, idan ka bi titin kasuwa ka ɗaga kai, da wuya ka ga allon shagon da ba hannunsa ba ne: na mai aski, na mai gyaran agogo, na mai sayar da taya, har da na wani mai cire haƙori da ya zana wa baki a buɗe, yara suna tsoron bi ta wurin. Ya koyi sana'ar a hannun wani tsoho mai faɗan tsiya, wanda ya sa shi wankin buroshi da kananzir shekara da shekaru kafin ya yarda ya ja layi ko ɗaya. A lokacin koyon ne ya faɗo daga tsani, ƙafarsa ta hagu ta karye. Ta warke, amma ta bar shi da ɗan ja, ta yadda tun daga nesa za ka ji takalminsa yana sharar ƙasa.

Gajere ne, mai tumbi, mai gashin baki da yake ji da shi kamar me. A ƙugunsa kullum akwai tarin makullai suna kacau-kacau, alhali ƙofofin gidansa ba su taka kara sun karya ba; yawancin makullan na tsofaffin rumfunan da ya taɓa zama ne, ya kasa yar da su. Ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya, kuma in ya fara, hannu ne ke yin rabin zancen. "Ga shi nan." "Can." "Kamar haka." Matarsa, wadda maƙwabta ke kira Mai Keke saboda ɗinkin da take yi, takan ce in aka ɗaure masa hannu ya zama bebe ke nan.

Sun rayu lafiya, sun yi 'ya'ya, 'ya'yan sun girma sun kama gabansu. Sai ga injinan da ke buga rubutu da hoto a kan tamfol sun shigo gari. Abin da yake kwana da kwanaki yana zanawa, inji ya fitar kafin mai shago ya gama shan shayi. Masu zuwa nemansa suka yi ta raguwa har suka ɗauke ƙafa. Kawu bai yi ƙorafi ba, sai dai hannunsa ya ƙi zama. Ya fente ƙofar gida, ya sake fente ta. Ya fente akurkin kaji, da teburin keken ɗinki, da bokitan wanka. Wata rana Mai Keke ta zauna a kan kujera ta tashi da shuɗi a bayan zaninta. A ranar ta aika a kira mata 'yar ƙanwarsa.

Wannan 'yar ƙanwar tasa malama ce a makarantar makafi, tana koyar da zane da aikin hannu. Ta zo da yamma, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Kawu, aiki na kawo maka."

Ya yi gyaran murya. "Allo ne?"

"A'a. Mutum-mutumi muke so mu yi da ɗalibaina, da tarkacen roba. Ni na iya tsarawa, amma a haɗa abu ya tsaya da ƙafarsa, wannan sai mai hannu irinka."

"Ɗaliban naki ba makafi ba ne?"

"Su ne."

"To, wa zai gani?"

Mai Keke ta tsayar da kekenta. "Maigida, don Allah tashi ka bi ta, tun kafin ka fente ni ina barci."

Ɗakin aikin dogo ne, yana bayan kicin ɗin makarantar. Tebura ne a jere da gefensu ya yi sulɓi saboda shafar hannu, kowane almakashi da filaya yana rataye a ƙusarsa, ga warin gam. A ƙuryar ɗakin an tara roba tsibi guda, wankakkiya: gorunan ruwa, jarkoki, fasassun bahuna, murafu cike da buhu, ƙafafun kujera, silifas marasa 'yan'uwa. Ɗaliban manya ne, samari da 'yan mata da suka kusa gama makaranta. Malama ta gabatar da shi, suka gaishe shi baki ɗaya. Kawu ya ɗauki gora, ya ɗaga ta sama, ya yi gyaran murya.

"To, ku duba nan."

Can sai wata yarinya a teburin gaba ta ɗaga hannu. Lauya ake ce mata, don ba a taɓa faɗin magana ta wuce ba ta ja ta ba.

"Kawu, nan ɗin a ina yake?"

"Nan mana," ya ce, yana nuna gorar da yatsa. Sai da maganar ta fita ya ji ta. Kunya ta rufe shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Daga bayan aji wani saurayi da ake kira Rediyo, gwanin kwaikwayon murya, ya yi gyaran murya irin tasa sak, ya ce, "Nan mana." Ajin ya kwashe da dariya, har Malama sai da ta juya baya.

Da ya koma gida ya ce shi kam ya gama. Mai Keke ta dai goge masa riga ta rataye a bakin ƙofa. Da safe ya sa ya tafi.

Rigima ta biyu a kan rabon kaya aka yi ta. Kawu ya ce a ware roba launi-launi, ja da ja, kore da kore. Lauya ta ce wannan rabon nasa ne shi kaɗai. Su sai suka zauna suka ware ta yadda suka sani: mai ƙaras-ƙaras idan an matsa, mai amo idan an ƙwanƙwasa, mai lanƙwasuwa, mai taurin kai. Kawu yana tsaye yana kallon ja a cikin shuɗi, rawaya a cikin fari, abin yana sosa masa rai. Da aka tashi, ya tsaya shi kaɗai ya gyara musu, kowane launi da kwalinsa, ya tafi gida yana jin ya yi abin kirki.

Washegari Lauya ta miƙa hannu inda ta bar jarkokinta, ta ji murafu. Ta ƙara lalubawa, ta ji silifas.

"Wa ya taɓa mana kaya?"

Kawu ya yi tsuru-tsuru. "Ni ne, 'yata. Gyarawa na yi."

"Kawu, inda muka ajiye abu, nan ne idonmu. Yanzu ka kwashe mana ido ka zuba a kwali."

Bai yi musu ba. Ya ce ta yi haƙuri, ya tsuguna da ƙafar nan tasa, suna faɗa yana mayarwa, har komai ya koma mazauninsa. Daga ranar, ko kujera ya ja sai ya ce, "Na ja kujera, tana hannun damanki." A hankali bakinsa ya fara koyon aikin da hannunsa ya saba yi. Maimakon "kamar haka" sai ya ce, "Lanƙwasa wayar ta zagaye wuyan gorar, ka murɗa har ka ji ta ciji." In maganar ta gagara, sai ya nemi izini ya sa hannunsa a ƙarƙashin na ɗalibi, ya yi aikin a hankali, yatsun ɗalibin suna bin nasa. Wanda ya fi saurin ɗauka shi ne Dogo, wani saurayi marar magana da ke ɗan ganin haske dishi-dishi. In ka ba shi waya da filaya, ɗaurin da zai yi ko Kawu sai ya sha wuya kafin ya kwance.

Da aka zo maganar abin da za a gina, Malama ta ce tsuntsu, Rediyo ya ce mota. Suka nemi a ba su wuri su yi shawara. Kawu da Malama suka fita baranda, suna jiyo ƙus-ƙus da dariya ƙasa-ƙasa. Da suka dawo Lauya ta ce, "Mutum za mu yi."

"Wane mutum?" in ji Kawu.

"Mutum dai."

Ya je wurin wani tsohon abokinsa mai walda aka haɗa ƙashin mutumin da rodi. Kawu ya so a yi shi dogo, mai kwarjini. Ɗalibai suka ce a'a, kada ya wuce kafaɗar Dogo. Ya ce ƙafafu su tsaya daidai don kada ya faɗi. Lauya ta ce ta hagu a ɗan ja ta baya.

"Saboda me?"

"Tafiya yake yi, Kawu."

Ya ga maganar ta yi ma'ana, ya sa mai walda ya ƙara nauyi a gindi.

Kafin a ɗaure roba sai an huda ta, kuma da ƙusa mai zafi ake hudawa. A nan Kawu ya kafe, ya ce babu wanda zai matso kusa da wuta. Lauya ta ce, "Kawu, a gidanmu ni ke kunna risho, ni ke guga. Wa kake tsammani yana yi min?" Aka yi ta ja-in-ja har aka daidaita: ya sa wa ƙusoshin mariƙin katako, ya kafa ɗan murhun a wuri ɗaya da ba ya motsi, kowa ya san taku nawa ne tsakaninsa da shi. Aka yi ta huda lafiya lau. Mutum ɗaya ne ya ƙone a duk aikin, shi ne Kawu, don idonsa yana kan hannuwansu ya manta da nasa. Dogo ne ya kama yatsan ya tsoma a ruwan sanyi, Rediyo kuma ya yini yana ba da labarin cikin muryar mai karanta labarai.

Mutumin ya fara tashi. Ƙafafu na gorunan ruwa da aka cusa wa leda don su yi ƙarfi, takalma na silifas da aka jera kamar ɓawon kifi, kafaɗu daga bayan karyayyiyar kujera. Da aka zo ciki, Rediyo ya tono wani ƙaton baho daga ƙasan tsibin, ya buga shi ya yi dim.

"Wannan ne."

Kawu ya riƙe haɓa. "Haba! Wane irin mutum ne da wannan tumbi?"

"Akwai su, Kawu. Wallahi akwai su."

"Zai ɓata mana aiki."

"Zai gyara dai," in ji Lauya.

Ya duba wajen Malama ko za ta goya masa baya, ya ga ta duƙufa neman wani abu a cikin aljihun tebur. Aka ɗaura bahon. Sai kuma suka shirya murafu da tsofaffin cokula a waya, suka rataya a ƙugun mutumin, in iska ta kaɗa ko an taɓa sai ya yi kacau-kacau. Suka ce hannun dama a miƙe shi gaba, da yatsa ɗaya a tsaye, wanda Dogo ya yi da guntun tiyo. Wannan kam ya burge Kawu. Ya tara su ya yi musu dogon bayani, cewa mutumin yana nuna hanya ne, yana nuna gaba, yana nuna cewa ilimi haske ne. Suka saurara da ladabi. Rediyo ya kama tari har sai da aka ba shi ruwa.

Kai kaɗai suka bar masa. Suka ba shi farar jarka suka ce ya yi fuska yadda ya ga dama. Ya kai ta gida, ya duƙufa a kan aikinta da natsuwa irin ta da. Mariƙin jarkar ya zama hanci, murafu biyu suka zama idanu, wani ɗan kwanon roba ya zama hula. Ya ga fuskar ta yi fayau, sai ya yanke gashin wani tsohon buroshinsa ya liƙa mata a ƙarƙashin hanci.

Saura fenti. Kawu ya zo da gwangwanayensa yana murna, Lauya ta tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Mun yi abu da hannunmu, kowane lungu mun san shi. Yanzu za ka shafe shi da abin da ba namu ba?"

Kawu ya ajiye gwangwanayen a hankali. Duk rayuwarsa abin da ya iya ke nan. Sai Dogo, wanda sai a yini ba a ji muryarsa ba, ya ce, "Ni ina ganin rawaya. In rana ta haska ta, ina ganinta daga nesa."

Lauya ta daɗe tana murza wani murfi a hannunta. Ita ba da makanta aka haife ta ba, tana firamare ciwo ya tafi da idon. Ta ce, "Innarmu tana da wani mayafi shuɗi. Shi ne abin da ban manta ba." Ta ajiye murfin. "A sa shuɗi a rigar."

"Ni fa?" in ji Rediyo, wanda bai taɓa ganin komai ba tun haihuwa. "In dai za a shafa, a shafa wanda zan ji."

Kawu ya yi tunani, ya fita tsakar makaranta ya ɗebo yashi, ya aika kicin aka samo masa rariya, ya bi ta shagon kafinta ya roƙo garin katako. Ya dama ja da yashi, rawaya da garin katako, ya bar shuɗi sumul. Su da kansu suka shafa, wasu da buroshi, wasu da soso, hannun hagu yana gaba yana neman iyaka, na dama yana bi. Sun shafa wa mutumin, sun shafa wa tebur, sun shafa wa juna. Da ya bushe Rediyo ya bi hular, wadda aka shafa wa ja, da tafin hannu.

"Ashe ja kaushi gare shi."

Kawu ya buɗe baki zai gyara masa, sai ya fasa. "A wannan ɗakin dai, haka yake."

Ranar da za a nuna aikin, aka fito da mutumin baranda aka lulluɓe shi da zanin gado. Iyaye suka zo, shugaban makaranta ya yi jawabi. Mai Keke ta zo cikin kwalliya ta zauna a gaba. Kawu yana gefe da sabuwar riga, yana ta shafa gashin baki. Lauya da Dogo suka ja zanin.

Mutane suka fara tafi. Mai Keke ba ta tafa ba. Ta kalli mutumin daga hula har silifas, ta juyo ta kalli mijinta, ta sake kallon mutumin. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ba ta da birki, har da riƙe ciki, ɗankwalinta yana zamewa.

"Maigida! Ai kai ne!"

"Ni kuma?"

"Dubi ƙafar! Dubi makullan! Wayyo cikina, dubi yatsan!"

Kawu ya ja da baya ya duba, kallon da bai taɓa yi wa aikin ba duk tsawon makonnin nan. Gajere, ƙafar hagu a baya, tumbi a gaba, hannu a miƙe. Daga bayan mutumin aka yi gyaran murya, Rediyo ya ce, "To, ku duba nan!" Wurin ya kaure, har shugaban makaranta yana share hawaye.

Kawu ya juya wajen 'yar ƙanwarsa. "Ke ma da ke a ciki?"

"Tun ranar farko, Kawu."

Ya tsaya yana kallon mutumin. Dariyar ta fara lafawa, Lauya ta ɗan sha jinin jikinta, ta matso inda take jin numfashinsa. "Kawu, ko ranka ya ɓaci?"

Ya zaro hankici ya fyace hanci da ƙarfi. "Tumbin dai kun yi ƙari."

"Ba mu yi ba. Kullum za ka wuce tsakanin tebura sai ka ce a matsa. Da faɗin wurin muka auna."

"Fuskar ce kawai ba mu sani ba," in ji Dogo, "shi ya sa muka bar maka."

Mai Keke ta share ido ta nuna gashin bakin. "Wannan fa, wa ya sa shi?"

Kawu ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

Dariyar ta dawo mata sabuwa, sai da aka kawo mata ruwa.

An bar mutumin a barandar, daidai kwanar da ake bi zuwa ɗakin cin abinci. Duk ɗalibin da ya zo wucewa sai ya ɗaka wa bahon duka ya ce, "Sannu, Kawu," ya san ya iso kwana. Makarantar ta roƙi Kawu na gaske ya ci gaba da zuwa, ya ce zai duba, kuma tun daga lokacin bai fasa ba sai in ƙafar ta matsa masa.

Da damina ta kankama ciwon ƙafar ya kwantar da shi kwanaki. Yana kwance da hantsi sai ga waya daga Dogo, wanda a lokacin ya gama karatu an riƙe shi yana taimaka wa Malama.

"Kawu, an yi iska jiya. Kanka ya faɗi."

"Kaina?"

"Mun tsince shi a bayan kicin. Bai fashe ba. Amma akwai magana."

Kawu ya lallaɓa ya tashi, Mai Keke tana faɗa yana neman filaya. Da ya isa ya tarar da ɗalibai sun yi da'ira a tsugune, babu mai ko tari. Dogo ya kama hannunsa ya ce ya kawo kunne. Ashe wata 'yar tsuntsuwa ce ta shiga ta bakin jarkar ta yi sheƙa, har ta ƙyanƙyashe. Faɗuwar ba ta yi wa 'ya'yan komai ba, suna ciki suna tsiyu-tsiyu, uwar tana kan katanga tana ta masifa.

Aka yi shawara, aka ce ba za a mayar da kan a ɗaure da waya ana jijjiga su ba. Kawu ya ɗora jarkar a kan tagar da ke kusa, ya tokare ta da bulo. Kafin su bar wurin uwar ta koma ciki. Mutumin ya yi makonni a tsaye da bokiti a kife a wuyansa, ɗalibai suna zuwa bi da bi a lokacin hutun tara suna saurare a gindin taga. Sai da 'yan tsuntsayen suka yi fiffike suka tashi, sannan Dogo ya hau kujera, Kawu yana riƙe da ita yana faɗa masa inda zai murɗa, aka mayar da kan.